Maganin hawan jini ba goro ba ne da za a riƙa rabawa a majalisa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, daga Aboabo nake rubuto maka, a cikin Kumasi, a kan abin da kuka buga albarkacin ranar hawan jini ta duniya, 17 ga Mayu. Jikana ne ya buɗe mini a waya na karanta. Kun yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kun ce a rage gishiri, a motsa jiki, a riƙa zuwa awo, wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya bari. Duk gaskiya ne. Amma tun daga sama har ƙasa "maganin hawan jini" kuke ta faɗa, sai ka ce ƙwaya ɗaya ce tilo a duniya. Nan ne na ga dole in sa baki, domin wannan fahimtar ce take kwantar mana da mutane a zango.

Ni ba likita ba ne. Bakanike ne, na yi shekara talatin da 'yan kai ina kwance injin manyan motoci a Magazin na Suame, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, kafin gwiwa ta ce in bar wa yara. Abin da ya ba ni bakin magana, shekarata goma sha ɗaya ke nan ina haɗiyar ƙwayoyin nan, an canza mini su har sau uku, kuma a ɗakin da ke kallon nawa akwai ƙanena wanda yau ko alwala sai an zuba masa ruwa.

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, wani dattijo ya dafe ƙeya ya ce BP ɗinsa, wato hawan jininsa, ya tashi. Kafin ka ce kwabo mutum biyu sun sa hannu a aljihu. Wannan ya ɓallo masa fara, wancan ya ɓallo masa mai ruwan hoda, ya haɗa su ya kora da ruwan leda, ya yi musu godiya har da addu'a. Ba wanda ya auna shi. Ba wanda ya san sunan abin da ya bayar, balle wanda ya karɓa. Da na yi magana sai aka ce, "Haba Masta, ai duk maganin BP ne." Ana cewa jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki ba ya gaya maka komai. Ranar da aka fara auna ni aka ga 178 bisa 104, garau nake jin kaina, daga ƙarƙashin mota na fito na raka wani yarona asibiti ya yanke a hannu, nas ta ce Baba kawo hannunka mu gani. Ciwon kai ba ma'auni ba ne.

A wurin aikinmu, idan ƙarfin ruwa ya yi wa tiyo yawa, dabara ba ɗaya ba ce. Kana iya rage ruwan, kana iya buɗe hanyar ta ƙara faɗi, kana iya sassauta famfon, kana kuma iya bin wayar da ke kawo umarnin matsewa ka cire ta. Da na daɗe ina tambayar likitoci sai na gane su ma haka suke yi da jikin ɗan Adam, kuma kowane gidan magani da inda yake kamawa. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali, don mai karatu ya ɗauko nasa ya gwada.

Wanda aka fara ba ni lisinopril ne. Sati uku da farawa sai tari ya kama ni, busasshe, ba majina, kamar an sa mini gashin kaza a maƙogwaro ana motsawa. Da dare ya fi tsanani. Uwargida ta dafa citta da kanumfari, ta matsa lemon tsami a zuma, na sha har na gaji. Na sayi ruwan maganin tari kwalba huɗu. A sahu idan na fara, na kusa da ni sai su ɗan ja jiki, har magana ta fara yawo a unguwa wai Masta ya kamu da tarin fuka. Na je aka ɗauki hoton ƙirji, aka gwada kaki, aka ce ba komai. Wata huɗu ina cikin wannan hali. Rannan na je karɓar magani, ina tsaye a layi ina ta faman tarin, sai yarinyar da ke bayar da maganin ta ɗago kai ta ce, "Baba, tun yaushe kake wannan tari?" Na gaya mata. Ta duba katina ta ce, "Kafin ka fara wannan ƙwayar kana yi?" Na yi shiru ina lissafi. Wallahi ban taɓa haɗa su ba. Ba ta canza mini da kanta ba, takarda ta rubuta ta ce in koma wa likita. Aka cire shi, bayan 'yan makonni tari ya tafi kamar an ɗauke da hannu.

Ashe sananne ne. Duk maganin da sunansa ya ƙare da "pril", irin su lisinopril da enalapril da captopril, gida ɗaya ne. Ƙoda tana sakin wani sinadari cikin jini wanda a ƙarshe yake haifar da abin da ke umartar jijiyoyi su matse, su kuma waɗannan ƙwayoyi suna hana a ƙera wannan abin. Sai dai a garin haka wani sinadarin daban yakan taru, shi ne yake sa wasu tari. Tarin ma da sauƙi. Akwai wanda leɓe ko harshe ko fuska za su kumbura masa farat ɗaya, kuma hakan ya fi samun mu baƙar fata. Wanda ya ga haka kada ya tsaya neman tofi, asibiti zai nufa a lokacin, domin kumburin yana iya toshe numfashi.

Wani abin mamaki da likita ya ba ni labari: na farko a wannan gida, captopril, daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Burazil aka gano hanyarsa, saboda an lura wanda ya sara jininsa kan faɗi ƙasa warwas. A 1981 aka amince da shi a Amurka. Babu dafi a cikin ƙwayar, dabarar kawai aka koya. Da na faɗa a majalisa wani ya ce ai shi ya sa take shaƙe mutum.

Akwai 'yan'uwansu masu ƙarewa da "sartan", kamar losartan da valsartan. Waɗannan ba sa hana ƙera saƙon matsewar, ƙofar da yake shiga suke tsarewa, shi ya sa ba kasafai suke kawo tari ba. Losartan nake sha yanzu. Gidajen biyu suna da daraja wajen mai ciwon suga domin suna kare ƙoda, amma ba a haɗa su a jiki ɗaya, kuma mai shan su yana bukatar a riƙa gwada jininsa jifa-jifa a ga lafiyar ƙodar. Ka ga dattijon ƙofar masallaci, wa ya san ko biyun nan ya haɗa?

Da aka cire mini lisinopril sai aka ɗora ni a kan amlodipine, miligiram 5, daga baya aka kai 10. Shi da nifedipine gidansu ɗaya, masu ƙarewa da "dipine", kuma su ne ka fi gani a hannun mutane a nan Gana. Aikinsu buɗe tiyo. Bangon jijiya yana da nama mai matsewa, kuma sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinsa yake iya matsewa. Ƙwayar tana rage shigarsa, jijiya ta saki, jini ya sami hanya. Ta yi mini aiki sosai, awona ya sauko. Sai dai da aka kai 10 ƙafafuna suka fara cika da yamma, takalmin sallar Idi ya ƙi shiga. Wannan karon na yi wayo, ban jira wata huɗu ba. Likita ya mayar da ni 5, ya ƙara mini losartan, kumburi ya sauka. A kan wannan haɗin nake har yau, awona yana yawo tsakanin 128 da 135 a sama.

Maƙwabciyarmu mai sayar da koko da ƙosai ba ta yi wannan sa'ar da wuri ba. Da ƙafarta ta kumbura sai aka ce ta taka sammu a bakin kasuwa, abokan sana'a ne ba sa son cinikinta. Aka yi turare, aka yi rubutu, aka ɗaura laya a ƙwauri, ta daina gaisawa da wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Uwargida ce ta ce ta kawo kwalin maganinta in gani. Nifedipine ne. Ba ina cewa duk kumburin ƙafa daga ƙwaya yake ba, zuciya da ƙoda ma suna kawo shi, shi ya sa likita ne zai raba gardama. Amma kafin a zargi maƙwabci a fara duba kwali.

Na tambayi likitan da nake gani me ya sa wannan gidan ya fi yawa a wurinmu. Ya ce baƙar fata, idan ƙwaya ɗaya za a ba shi, masu buɗe jijiya da masu sa fitsari sun fi yi masa aiki a kan 'yan gidan "pril". Ya kuma ba ni labarin wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Kamaru da Kenya, wanda likitan zuciya Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2019. An gwada haɗin ƙwayoyi biyu-biyu, aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini a kan wanda babu shi. Na ji daɗin wannan labari, ko ba komai a kanmu aka yi gwajin, ba a kan wasu can aka yi aka aiko mana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idar da ta fitar a 2021 ta ce idan awo ya tabbata a 140 bisa 90 ko sama a fara magani, kuma daga gidaje uku ake farawa: masu sa fitsari, masu buɗe jijiya, sai 'yan "pril" ko "sartan". Mutane da yawa sai an haɗa musu biyu ko uku. Wanda aka ƙara wa ƙwaya kada ya ɗauka ajali ne ya matso, ƙofa biyu ake tare wa ciwon.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro. Ƙanena direban tirela ne, daga tashar jiragen ruwa ta Tema yake ɗaukar kaya, ya biyo ta Kumasi, Techiman, Kintampo, Tamale, Bolga, ya tsallaka Paga zuwa Wagadugu. An ba shi ƙwayoyi biyu. Ɗaya 'yar mitsitsiya da kowa ke kira bendro, cikakken sunanta bendroflumethiazide, 'yar gidan su hydrochlorothiazide da indapamide. Waɗannan su ne masu rage ruwa: suna sa ƙoda ta zubar da gishiri, ruwa ya bi shi. Da safe ake sha don kada mutum ya kwana yana zarya. Ɗayar kuma atenolol, daga gidan masu ƙarewa da "olol", masu sassauta famfo, wato su rage gudun zuciya da ƙarfin bugunta.

Ka san tirela ba a tsayar da ita ko'ina. Sai ya yanke wa kansa hukunci, ranar tafiya ba zai sha bendro ba, sai ya dawo gida. Mutumin da yake kwana ashirin a hanya cikin wata! Atenolol kuma, lokacin ya yi sabuwar amarya, ya ga jikinsa ya yi sanyi, abokansa a tasha suka ce ai maganin BP ne yake kashe namiji. Ya watsar da ita rana ɗaya, ya koma shan wani ruwa mai ɗaci da ake tallarsa a cikin mota. Ga ciwon baya irin na direbobi, kullum yana cikin haɗiyar diclofenac, wanda shi da ibuprofen suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Duk wannan ban sani ba sai daga baya. Idan na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, ina sha."

A Kintampo abin ya same shi, yana zaune wurin mai shayi. Yaron motarsa ya ce kofi ne ya suɓuce daga hannunsa, ya buɗe baki zai yi magana sai bakin ya karkace, maganar ta zama kamar ta mai maye. Allah ya sa ba a kan sitiyari yake ba. Daga asibitin can aka turo shi babban asibitin Komfo Anokye, wanda 'yan Kumasi ke kira Gee. Rai ya tsira, ɓarin dama ya tafi. Yau shekara uku.

Abin da ke ci mini rai, Malam Edita, koke-kokensa biyun duk gaskiya ne, kuma duk suna da mafita. Gaskiya ne 'yan gidan "olol" da masu sa fitsari suna iya rage wa wasu maza kuzari. Amma da ya buɗe baki ya faɗa wa likita, akwai gidajen da ba su cika yin haka ba, kuma shi kansa hawan jinin da aka bari ba magani yana lalata jijiyoyin wurin fiye da ƙwayar. Ga shi atenolol ba a yanke ta farat ɗaya, a hankali ake janyewa, in ba haka ba zuciya ta zabura. Yanzu ma likitoci ba su cika farawa da ita ba sai ga mai wata matsalar zuciya, kuma mai asma yakan sha wuya da irinta. Kunya ce ta hana shi magana. Namijin zango zai iya gaya wa abokinsa a tasha abin da ba zai iya gaya wa likita ba, musamman in likitar mace ce sa'ar 'yarsa. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Mata kuma ga nasu. Matar ɗana tana da ciki wata bakwai aka ce jininta ya hau, aka ba ta methyldopa. Ya ƙare ranar Asabar, sai ta shiga ɗakina ta buɗe gwangwanin da nake ajiye nawa, a ganinta ai duk ɗaya ne. Allah ya kawo uwargida ta riske ta da ƙwayar a tafin hannu. Losartan ce. 'Yan "pril" da 'yan "sartan" haramun ne ga mai ciki, suna iya lalata ƙodar jariri tun yana ciki. Mai ciki tana da nata da aka sani, methyldopa ko nifedipine ko labetalol, kuma ungozomar asibiti ko likita ne za su zaɓa. Hawan jinin ciki shi ne yake kai mata ga jijjiga, ba abin aro ba ne. Tun ranar na sa wa gwangwanina kwaɗo.

Sai maganar kwali. Tun da aka kawo inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, mai kati yana samun yawancin waɗannan ƙwayoyi ba tare da ya biya ba, kuma yanzu daga waya ma ana sabunta katin, a danna *929#. Amma wani lokaci ka je a ce babu, a rubuta maka ka saya a waje. A shagon magani sai a miƙo maka kwali mai wani launi da wani babban suna daban. Na san tsohuwar da ta yi sati biyu tana shan na asibiti da na shago tare, tana zaton iri biyu ne, jiri yana ɗibarta a bakin murhu. Amlodipine ne duka biyun, kamfani ne ya bambanta. Babban sunan na kamfani ne. Ƙaramin da ke ƙarƙashinsa, da lambar miligiram, su ne maganin. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa jikansa ya rubuta masa a takarda, ko da ajami ne, ya sa a aljihu tare da katinsa.

Gishiri kun riga kun yi bayani, sai dai ku sani a nan ba na cikin kwano ne kawai ba. Momoni da kobi, wato kifin da ake adanawa da gishiri, da ake jefawa a miya gishiri ne tsagwaronsa, ga dunƙule uku-huɗu a tukunya ɗaya, ga kanwa a wake da shinkafa, ga shito, soyayyen yajin nan namu na Gana. Abin da aka ce ya ishi mutum a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan. Mu kam kafin azahar mun wuce shi. Zoɓo da tafarnuwa da zogale ban hana kowa ba, ni ma ina sha, amma ban taɓa ganin sun sauke 178 ba.

Roƙona gare ku, ku samo likita ko mai harhaɗa magani da ya iya Hausa, ku ba shi fili ko sau ɗaya ne a wata, ya riƙa ɗaukar gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya faɗi abin da kowanne yake jawowa ba tare da kunya ba, har da maganar maza. Kafin azumi kuma ya yi mana bayanin lokacin sha, domin kowace shekara sai an yi gardama a masallacinmu tsakanin masu cewa da sahur da masu cewa da buɗa-baki, kuma mai shan ƙwayar fitsari a zafin Kumasi ba daidai yake da mai shan amlodipine ba. Idan kun buga, ni zan sa a karanta a majalisarmu bayan la'asar, zan kuma kai wa yarana na Magazin, don cikinsu akwai waɗanda suka haura arba'in ba a taɓa ɗaura musu abin awo a hannu ba.

Zan tsaya nan, an kira magariba, kuma ni ne mai zuba wa ƙanena ruwa.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon bakanike,
Aboabo, Kumasi.